BABI NA UKU: HANYOYIN GAURAYA FALLE A HAƊIN HOTO DA BIDIYO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin sana'ar hoto a Gwarzo da Kabo, ƙananan hukumomi biyu da ke yammacin Jihar Kano, tun daga zamanin wankin hoto a ɗaki mai duhu har zuwa shigowar kwamfuta da wayar hannu. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin bayyana yadda na'ura take haɗa hoto biyu ko fiye su zama ɗaya. Duk wanda ya ga kalandar biki, ko katin gayyatar ɗaurin aure, ko fastar ɗan takara da aka manna a Getso ko Garo lokacin zaɓen 2023, to ya ga sakamakon wannan aiki, domin babu ɗaya daga cikinsu da aka ɗauka da kyamara a lokaci guda. Fuska daban, bango daban, rubutu daban, furanni daban, aka jera su wani a kan wani.

Galibin masu wannan sana'a da gwaji suka koye ta. Yaro yakan zauna kusa da maigidansa ya ga yana latsa wani suna a cikin jerin sunaye hoto ya yi duhu, ya latsa wani hoto ya yi haske, shi ma sai ya riƙa bin jerin ɗaya bayan ɗaya har ya dace da wanda ya yi masa kyau. Abin da wannan babi yake son nunawa shi ne, waɗannan sunaye lissafi ne kawai, kuma duk yawansu tushensu biyu ne waɗanda Bahaushe ya daɗe da sani, wato rini da haske.

3.1 Ɗigo da Falle

Hoton da ke cikin kwamfuta tarin ɗigo ne ƙanana masu kusurwa huɗu, waɗanda masu sana'ar suke kira fiksel. Kowane ɗigo yana ɗauke da lambobi uku: adadin ja, da adadin kore, da adadin shuɗi. Kowace lamba tana farawa daga 0, wato babu haske sam, ta tsaya a 255, wato haske ya cika. Idan duka ukun suna 0 ɗigon baƙi ne, idan duka suna 255 fari ne. Da yake kowace tana da matakai 256, launukan da za a iya samu sun kai 16,777,216.

Falle kuwa, ko leya kamar yadda ake faɗa a shaguna, shi ne kowane hoto ko rubutu da aka shimfiɗa a kan wani ba tare da sun manne ba, ta yadda za a iya janye shi ko a gyara shi shi kaɗai. An zaɓi kalmar falle ne a wannan aiki saboda ta riga ta zauna a harshen da ma'anar ƙwaya ɗaya ta takarda ko zane. Manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu Thomas Knoll da John Knoll suka ƙirƙira, ta fito kasuwa a 1990, amma ba ta sami tsarin falle ba sai a fitowa ta uku, cikin 1994. Daga nan tsarin ya bazu, har ya zama yau manhajojin waya irin su CapCut da KineMaster da PicsArt duk suna da shi.

Tambayar da na'ura take fuskanta a kowane ɗigo ɗaya ce tak: ga lambar fallen sama, ga lambar fallen ƙasa, wace lamba za a nuna wa mai kallo? Ƙa'idar da aka bi aka amsa wannan tambaya ita ake nufi da hanyar gauraya. Ana yin lissafin sau uku a kowane ɗigo, na ja daban, na kore daban, na shuɗi daban.

3.2 Rufi

Amsa mafi sauƙi ita ce na sama ya rufe na ƙasa, kamar a manna fasta a kan fasta. Wannan ita ce hanyar da manhaja take farawa da ita idan ba a canja ba. Sai dai akwai lamba ta huɗu da ake kira alfa, wadda take faɗin ƙarfin rufin. Ed Catmull da Alvy Ray Smith ne suka fito da ita a 1977 a wata cibiyar fasaha da ke Niyok, sannan a 1984 Thomas Porter da Tom Duff na kamfanin Lucasfilm suka tsara lissafinta a wata maƙala da har yanzu a kanta ake tafiya. Idan lambar sama 200 ce, ta ƙasa 100, aka sa ƙarfin rufi kashi 30 cikin 100, sai a ɗauki kashi 30 na 200, wato 60, a tara da kashi 70 na 100, wato 70, a sami 130. Mayafi mai shara-shara ke nan: ana ganin sa, ana kuma ganin abin da ke bayansa.

3.3 Rini

Wannan ita ce hanyar da masu shago suke kira maltifilai, kuma ita ce ta fi kowace amfani a aikin takarda. Ana ninka lambar sama da ta ƙasa, sannan a raba da 255. Misali:

200 sau 100 = 20,000
20,000 a raba da 255 = 78

Abin lura a nan shi ne 78 ta gaza duka lambobin biyu da aka fara da su. Haka abin yake a koyaushe. Sakamakon ba ya taɓa wuce ƙaramar lambar haske. Idan na sama fari ne, wato 255, an ninka da 255 an kuma raba da 255, saboda haka na ƙasa yana nan yadda yake, farin ya ɓace ke nan. Idan kuwa ɗayansu baƙi ne, komai aka ninka da 0 sai ya koma 0.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata a birnin Kano, ko na Kura, ya ga wannan lissafi da idonsa. Marini yana tsoma farin ƙyalle a cikin baba ya fito da shuɗi mai haske, ya sake tsomawa ya ƙara duhu, ya yi ta maimaitawa har ya kusa zama baƙi. Babu tsomin da yake mayar da ƙyalle baya ya ƙara masa fari, kuma baƙin ƙyalle ba ya karɓar wani launi. Dalili shi ne rini ba ya ƙara haske, tare shi yake yi. Kowane tsomi yana cinye wani kaso na hasken da ya rage. A kwamfuta ma idan aka ɗora toka-toka mai lamba 128 a kan irinta za a sami 64, a ƙara ta uku a sami 32. Haka lalle yake a hannun amarya, ba ya rufe zanen fata, duhunta shi yake yi da launinsa.

Saboda wannan ne ake ganin fassara sunan kai tsaye da “ninkawa” ba ta dace ba. A kunnen Bahaushe abin da aka ninka ƙaruwa yake yi, alhali a nan raguwa ake samu, tunda a haƙiƙa da ɓangaren ɗaya ake ninkawa. Ɗalibin da aka ce wa “rina fallen” zai san abin da zai faru tun kafin ya latsa.

Ta fuskar launi ma ƙa'idar rini ake bi. Rawaya tana da ja 255 da kore 255 da shuɗi 0. Idan aka rina ta da shuɗi mai ruwan sararin sama, wanda yake da ja 0 da kore 255 da shuɗi 255, ja ya mutu, shuɗi ya mutu, kore kaɗai ya tsira. Ja tsantsa a kan kore tsantsa kuwa baƙi suke bayarwa, domin babu lambar da suka yi tarayya a kanta. Wannan shi ne abin da yake faruwa idan aka rina jan rubutu a kan koren bango a fasta: rubutun sai ya fito baƙi, mai aikin ya yi ta zargin firinta.

Babban amfanin rini shi ne ɗauko abin da aka rubuta a kan farar takarda. A ce ana son a sa ayar da wani malami ya rubuta da hannunsa da tawada, tare da zayyanarta, a kan katin walimar saukar Alƙur'ani mai launin ƙasa-ƙasa. Yanke kowane harafi da hannu aikin yini ne, kuma bakin haruffan zai lalace. Da rini kuwa farin takardar yana ɓacewa da kansa, tawadar ta zauna kamar a kan katin aka rubuta ta. Sharaɗin shi ne takardar ta zama fara ƙal. Hoton da aka ɗauka da waya a cikin shago yakan ba farar takarda lamba kamar 230 maimakon 255, sai a ga wani dishi-dishin akwati ya kewaye rubutun. Maganinsa a ɗaga hasken fallen tukuna har takardar ta kai 255. Da rini kuma ake yin inuwa a ƙarƙashin ƙafar wanda aka yanko aka ɗora a wani wuri. In babu ita sai a gan shi kamar yana lilo a iska.

3.4 Haskawa

Kishiyar rini ita ce hanyar da ake kira sikirin. Sunan yana rikitar da masu koyo, domin sukan ɗauka fuskar kwamfuta ake nufi. Asalinsa daga majigi ne: a kafa majigi biyu su haska farin ƙyalle ɗaya. Inda dukansu suka haska, haske ya ƙaru. Inda ɗaya bai aika komai ba, hoton ɗayan ne kawai zai fito. Cocila biyu a jikin bango da dare ma sun isa misali.

Lissafin rini ne aka juya. Ana ɗebe kowace lamba daga 255 domin a san duhun da ke cikinta, a rina duhun biyu, sannan a ɗebe abin da aka samu daga 255:

255 a ɗebe 200 = 55
255 a ɗebe 100 = 155
55 sau 155, a raba da 255 = 33
255 a ɗebe 33 = 222

A nan baƙi ne yake ɓacewa, fari kuma ya rinjayi komai. Ja a kan kore, waɗanda suka ba da baƙi a rini, a nan rawaya suke bayarwa. Akwai wata hanya makusanciya da take tara lambobin kai tsaye, amma 200 da 100 sun zama 300, na'ura kuwa ba ta san abin da ya wuce 255 ba, sai ta yanke a nan, wurin ya ƙone ya zama fari fat. Haskawa ta fi ta sauƙin hali domin tana matsawa kusa da 255 ne a hankali.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a hotunan biki da na siyasa. Idan hoto ya fito da duhu, ko mai hoton ya nemi a “fito da shi”, sai a kwafi fallen a ɗora a kan kansa a haska. A ɗauki fatar mutum wankan tarwaɗa mai duhu, wadda take da ja 90 da kore 60 da shuɗi 45. Bayan haskawa sau ɗaya za ta koma 148 da 106 da 82. Fuska ta yi haske, mai hoto ya ji daɗi. To amma lissafin bai san fuska ba, duk hoton yake bi. Idan mutumin yana sanye da farar babbar riga mai lamba 235, aikin aska takwas da ke ƙirjinta kuma yana 220, tazarar 15 da ke tsakaninsu ita take sa ido ya ga aikin. Bayan haskawa riga ta koma 253, aiki ya koma 250. Tazarar 3 ta rage, wadda ido ba ya kamawa, balle firinta. Rigar da aka kashe wa kuɗi da watanni ana ɗinki ta zama farin allo. Wanda ya fahimci haka zai taƙaita haskawar a fuska kawai, ya rage ƙarfinta. Ko ya dace a sauya wa mutum launin fatarsa har danginsa su yi ta ƙura wa kalanda ido kafin su gane shi, wannan magana ce ta daban wadda za a taɓo a babi na huɗu.

3.5 Gamin Biyu da Sauran Hanyoyi

Hanyar da ake kira obale ta haɗa biyun da suka gabata. Tana duba fallen ƙasa: inda lambarsa ta gaza 128 sai ta yi rini, inda ta kai ko ta wuce sai ta haska, a kowanne ana ninka sakamakon rinin da ke cikin lissafin sau biyu. Mai duhu ya ƙara duhu, mai haske ya ƙara haske, hoto ya yi kaifi. Toka-toka mai lamba 128 ita take ɓacewa a nan. Wannan hanya ta sha bamban da rini da haskawa ta wajen jeri: su ko an sauya na sama ya koma ƙasa sakamakon ɗaya ne, ita kuwa sai ya canja, tunda na ƙasa ne yake yanke hukunci.

Darussan da ake kallo a YouTube suna yawan yaba wannan hanya wajen gyaran fuska, amma yawancinsu da farar fata ake gwada su, wadda lambobinta suke sama da 128. Fatar da aka kawo misali a baya, mai 90 da 60 da 45, duka lambobinta a ƙasa suke, saboda haka rini zalla za ta sha. Idan aka ɗora ta a kan kanta za ta koma 64 da 28 da 16. Ta yi duhu, kuma da yake kore da shuɗi sun fi ja faɗuwa, sai ta yi wani ja-ja kamar an shafa mata jan ƙasa. Mai aiki a Kabo da ya bi darasin ƙafa da ƙafa bai yi kuskure ba, an dai tsara darasin ne ba da irin hotonsa ba.

Photoshop yana da hanyoyin gauraya falle 27, tsarin PDF kuma yana da 16 tun daga 2001, amma yawancinsu rassan waɗannan ukun ne, wasu sun fi zafi wasu sun fi laushi. Akwai biyu da ba sa ninka komai, zaɓe kawai suke yi: ɗaya ta ɗauki ƙaramar lamba, ɗaya ta ɗauki babba. Akwai kuma rukunin da yake raba launi da haske, ya ɗauki launi daga sama, haske da inuwa daga ƙasa. Da shi ake sa wa tsohon hoton baƙi da fari na wani dattijo launi ba tare da an shafe tsagar fuskarsa ko naɗin rawaninsa ba.

3.6 A Bidiyo

Bidiyo jerin hotuna ne, 25 a kowace daƙiƙa bisa tsarin talabijin da Nijeriya ta gada. Hoto mai faɗin ɗigo 1,920 da tsayin 1,080 yana da ɗigo 2,073,600, wato a daƙiƙa ɗaya na'ura za ta yi lissafin ɗigo 51,840,000, kowanne sau uku, a falle biyu kawai. Shi ya sa waya take zafi tana sanɗa idan falle ya yi yawa.

Dabarar kanta ta girmi kwamfuta. Georges Méliès na Faransa yana ɗaukar hoto sau da yawa a kan fim ɗaya tun 1898, yana amfani da baƙin bango domin wurin ya zauna babu haske har zuwa ɗauka ta gaba, wanda shi ne ainihin haskawa. Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda ake ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano cikin 1990, sun sami wannan dama ne bayan haɗin hoto ya koma kwamfuta. Aljanin da yake ɓacewa a hankali rufi ne ake rage ƙarfinsa daga 100 zuwa 0. Wutar da take fita daga hannun boka, da walƙiya, da tartsatsi, da taurarin da ake watsawa a bidiyon biki, duk a kan baƙin bango aka ɗauke su ko aka zana su, sai a haska su baƙin ya tafi.

Iyakar dabarar tana cikin lissafinta. Haskawa ba ta iya duhunta komai, saboda haka baƙin hayaƙi ba ya fitowa da ita, sai an ɗauke shi a kan fari an rina. Wutar da aka haska a kan farin sararin hunturu ma ba ta fitowa, domin wurin ya riga ya kusa 255. Wannan ne dalilin da ya sa irin waɗannan fitowa suka fi gamsarwa idan da dare ko a ɗaki mai duhu aka shirya su. Koren ƙyallen da ake tsayar da ɗan wasa a gabansa kuwa ba gauraya ba ne, yanka ne: na'ura tana mayar da alfar duk ɗigon da yake kore zuwa 0, sannan a yi rufi. Jarumar da ta yafa koren mayafi za ta rasa kafaɗunta.

3.7 Bambancewa

Hanya ta ƙarshe da za a duba tana ɗebe ƙaramar lamba daga babba. Idan lambobin biyu daidai suke sakamakon 0 ne, saboda haka hoto biyu iri ɗaya sak idan aka ɗora su baƙi ƙirin za a gani, duk inda suka saɓa kuma ya yi haske. Ba a cika yin ado da ita ba. Masu haɗa bidiyo suna amfani da ita wajen daidaita ɗauka biyu, misali idan ɗan wasa ɗaya zai fito a matsayin tagwaye: a yi ta matsar da falle har bango ya zama baƙi, an san kyamara ta zauna daidai ke nan.

Tana da wani amfani da ya wuce nishaɗi. Rinin da yake ɗora rubutun malami a kan kati shi ne kuma yake iya ɗauko hatimi da sa hannu daga wata takarda ya zaunar da su a kan wata, ko ta cinikin gona ce ko ta shaidar makaranta, kuma a kwafin hoto ido ba zai gane ba. Sai dai hatimin gaske ba ya sauka iri ɗaya sau biyu. Yawan tawada, da nauyin hannu, da karkatar da aka yi duk suna canjawa, haka ma sa hannu. Idan aka sami takardu biyu da ake shakka, aka ɗauke su da na'ura ɗaya, aka daidaita hatiman aka bambance su, na gaske za su bar ɓurɓushin haske ko'ina a jikinsu. Idan kuwa wurin ya yi baƙi, in ban da ɗan siririn layi a bakin haruffa, to ɗaya daga ɗaya aka kwafo shi, sai a nemi ganin takardar asali mai tawada.